Sifili Uku a Littafin Babana

Sha ɗayan dare a Valparaíso,
lifta ta tudu ta daina aiki,
na hau matakala ɗari da sittin da ƙafa,
jakata na ƙarnin kifi, gefen takardata ya jiƙe.

Aikin gida ne na ƙididdiga, da safe za a karɓa.
Malama ta ce kowa ya samo alƙaluma na gaske,
ni kuwa na ɗauko littafin babana,
inda yake rubuta kilon kifin da kwale-kwale ya kawo,
kwana sittin, da guntun fensir,
da hannun da gishiri ya tsattsage.

Na tura wa 'yan aji saƙo. Biyu sun gani, sun yi gum.
Nayaret ta turo mini hoton fuska mai hawaye.
Shi ya sa na ƙwanƙwasa ƙofar Don Evaristo,
wanda aka ce ya shekara talatin yana ƙidayar jama'a
kafin idanunsa su gaji.

Ya buɗe da bargo a kafaɗa.
Na ce, "Amsar kawai nake so,
matsakaicin nan ban yarda da shi ba."
Ya ce, "Me kika gwada?"
Na ce, "Komai."
Ya ce, "Komai ba ya rubutuwa a takarda. Nuna mini."

Haushi ya tokare ni a wuya.
Na zo ɗibar wuta, ana tambayata ina na kai ashanata!
Duk da haka na zauna.
Ya ɗora buta, ya kori kyanwa daga kan kujera,
ya matso da fitila har ta kusa ƙona mini gashi.

Na tara masa, layi bayan layi:
dubu biyu da ɗari uku da casa'in da huɗu.
Na raba da hamsin da bakwai. Arba'in da biyu cif.
Ya ce, "Da kika shigo kwana sittin kika ce."
Na ce, "Uku sifili ne, na cire su,
suna ja mini lissafi ƙasa."

Ya ɗora yatsa kan sifili na farko.
"Wannan fa?"
Iska ce, aka hana kowa fita teku.
"Na biyu?"
Inji ya ƙi tashi, babana ya wuni yana zaginsa da sifana a hannu.
"Na uku?"

Buta ta fara fito.
Na zuba wa kyanwar ido.
Ran nan ne muka kai kawu Baldomero maƙabarta a Playa Ancha.
Babana ya dawo da baƙar kwat ɗin aro,
ya zauna, ya jawo littafi,
ya zana da'irar nan a hankali, har fensir ya huda takarda.

Tsohon bai ce mini sannu ba.
Ya zuba shayi kofi biyu, ya tambaya,
"Kwanakin nan uku, kun ci abinci?"
Na ce mun ci.
"Kuɗin haya ya tsallake su?"
Na ce bai tsallake ba.
Ya ce, "To."

Na goge hamsin da bakwai da yawu da babban yatsa.
Arba'in da biyu ya sauko,
ya tsaya a talatin da tara da ɗigo tara.
Tun shigowata har na miƙe, bai taɓa fensirina ba.
A bakin ƙofa ya ce ladansa kifi ɗaya ne ranar Asabar,
kuma kar a cire masa kai.

Ƙarfe huɗu na ji babana yana laluben takalmin roba a duhu.
Ya ce, "Maite, me littafin ya ce?"
Na ce, "Arba'in saura ƙiris."
Ya yi 'yar dariya, yana ɗaure igiyar wando.
"Ai bayana ya riga ki sani.
Mayar mini da shi inda kika ɗauka,
yau ma zan rubuta."