Abin da Janwe ta Kwaso

Shekara goma sha tara ina tuƙa janwe a Ikko.
Ni ake kira bayan an gama salati,
in zo in kwashe ƙarfe.

Daren Asabar, ƙarfe biyu saura,
ruwa ya ɗauke, kwalta na sheƙi kamar bayan tarwaɗa,
aka ce in zo gangaren gadar Abule Egba.
Wata farar mota ta rungume turken fitila
kamar ta daɗe tana cigiyarsa.

An riga an tafi da su.
Su huɗu, in ji ɗan sanda, babbansu sha bakwai.
Na saƙala ƙugiya, na ja,
ƙofa ta wangale da kanta:
takalmin ƙwallo wari ɗaya,
soyayyar ayaba a leda, ko kwancewa ba a yi ba,
da waya ƙarƙashin kujera tana ta haske.
Umma. Umma. Umma.
Ban ɗaga ba. In ce mata me?

Na duba bel ɗin kujerun,
duk suna rataye, sababbi fil.

Da safe uban ya zo gareji a Agege,
yana juya makullin safaya a tafin hannu.
"Mudassir cewa ya yi nan da Ikeja ne kawai,
walimar gama makaranta."
Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare.
Ban musa ba.
Amma ajali bai zura hannu aljihun kowa ba,
mu ke miƙa makulli.

Nawa ɗan, Lurwanu, sha shida,
ƙafarsa har ƙaiƙayin totur take.
Ran Lahadi nakan kai shi filin bayan kwata,
ni a gefe, wayarsa a aljihuna,
ba ya murza makulli sai na ji bel ya ce ƙas.
Titi kuwa sai shekaru sun kai, lasin ya fito.
Tuƙin dare, a'a. Lodin abokai masu zuga, a'a.
In dare ya yi maka, kira ni, ba zan yi faɗa ba.

Jiya ya ƙi cin tuwo, wai na mai da shi yaro.
Yi fushinka, Lurwanu, wannan zan iya ɗauka.
Janwena na ɗaga tan biyar,
amma akwai motar da ba zan iya ja ba.