Tsakure

A Samaru, daura da babbar ƙofar jami'a,
nake da shagon buga takardu.
Shekara goma sha tara ina taɓa haruffan wasu,
har nakan gane mai kundi tun daga tafiyarsa.

Ran Laraba ta sauka Zariya,
sai 'yan ɗakinsu suka raɗa mata Laraba.
Sunan yanka Jou Yan, daga ƙasar Sin.
Hausarta ta littafi ce, tsaf,
kamar rigar da ta fito daga bugu.

Shekara biyu tana bin motar Birni zuwa Kwarbai,
ta zauna a tabarmar Gwaggo Tabawa
tana naɗar waƙoƙin daɓe,
waɗanda suka yi shiru tun zuwan siminti.
Kundi ya haɗu, shafi ɗari da tamanin.
Saura tsakure, shi kuwa da Turanci, in ji doka.

Dakta Barau ya jera mata da jan biro:
kalma ɗari biyu da hamsin, kada ta ɗara;
sakin layi guda;
manufa, hanya, abin da aka gano.
Ban da "ni". Ban da karin magana.
Godiya tana da nata shafin.

Na farkon da ta kawo da sallama ya fara.
Ta gaida magabata ɗaya bayan ɗaya,
ta ce saninta cikin cokali ne,
ta nemi afuwar mai karatu
tun ba ta taka masa ƙafa ba.
Na ƙirga. Ɗari huɗu da bakwai.

Ta ce, "A garinmu ba a faɗa wa mutum gida haka kawai."
Na ce, "Mu ma."
Sai aka ɗauke wuta.

Na ta da janareto muka hau yanka.
Sallama ta fara tafiya, magabata suka bi ta.
"Na zauna da su" ya koma "an tattara bayanai".
Wa ya tattara? Turancin bai tambaya ba.
Gwaggo Tabawa, da haƙorinta na Makka,
da tarin da kan tsinke mata baiti a tsaka,
ta shige cikin "mata goma sha biyu"
kamar gishiri a miya.

Akwai wani baiti da Laraba ta riƙe gam,
inda matan ke ce wa ƙasa ta kwanta
kamar yadda ake lallashin yaro mai rigima.
Sau uku tana maido shi, sau uku lissafi na tofar da shi.
Daga ƙarshe ya zama kalma biyu
masu sanyi kamar tuwon jiya.

La'asar sakaliya muka kai ɗari biyu da arba'in da tara.
Ta dubi allon ta ce, "Daidai ne."
Ta ƙara dubawa. "Amma ba kowa a ciki."
Na ce tsakure zaure ne, ba ɗaki ba;
mai son ganin mutan gida sai ya ƙarasa.
Ban sani ba ko ta yarda. Ni ma ban gama yarda ba.

Saura muhimman kalmomi biyar a ƙasa.
Huɗu ta ba Turanci.
Ta biyar ta ja allon haruffan gabanta,
ta lalubo "ɗ" mai lanƙwasa da kanta,
ta rubuta: daɓe.

Bayan mako takardar ta dawo daga ofis.
Jan biro ya bi ko'ina, ya gyara waƙafi biyu,
ya zo kan kalmar ya ɗiga ɗigo guda,
alamar ya tsaya,
sannan ya wuce.

Ta kai wa Gwaggo kwafi.
An ce tsohuwar ta juya shi sama da ƙasa,
ta tambaya, "Ina nake a nan?"
Laraba ta ɗora yatsa a layin ƙarshe.
Gwaggo ta ninke takardar gida huɗu,
ta buɗe kwalla ta sa ta ƙarƙashin zanen Sallah,
ta ce a kawo wa baƙuwa fura.

Naira ɗari uku na karɓa, kuɗin shafi ɗaya.
Na man janareto ban ambata ba.