Taku Arba'in

A kan wani dutse da taswirarmu ba ta ba shi suna ba,
sai lamba,
farar ƙubba na zaune kamar ƙwan da aka manta.
Cikinta kunnen ƙarfe na juyawa dare da rana,
in har akwai ranar.
Tun Nuwamba Girinlan ta haɗiye ta,
ta ce mu dawo a Fabrairu mu tambaya.

Sunan na'urar rada.
Da ma raɗa aka ce mata, da ya fi dacewa,
don ba ta taɓa ɗaga murya ba:
koren hannu ya share allo,
ɗigo ya fito, ɗigo ya ɓace,
mu rubuta lokaci a littafi.
Wata shida ina gadin abokin gaban da bai zo ba.
Sau ɗaya muka tashi Kyaftin Holm daga barci,
ashe ayarin agwagin daji ne suka yi lattin ƙaura.

Mu goma sha tara ne.
Na san tarin kowa, na san wanda ke satar sukari.
Asger kuku ya dafa dankali ta hanya goma sha ɗaya,
ta sha biyun muka roƙe shi ya bari.
Jirgin wasiƙa sai iska ta ga dama.
A zuwansa na ƙarshe Bodil ta aiko mini
da haƙorin Inga na farko, naɗe a auduga.
Yana aljihun ƙirjina.
Yarinyar da ta zubar da shi ban san fuskarta ta yanzu ba.

Tsakanin ɗakin kwana da ɗakin janareto
taku arba'in ne, da igiya.
Doka ɗaya ce: kada ka saki igiya.

Daren da guguwa ta zo, fari ya cinye fari,
Kofur Jeppe ya fita duba mai.
Iska ta fizge hularsa, ya miƙa hannu.
Shi ke nan.

Ina zaune gaban allo.
Ina ganin jirgin fasinja daga nisan mil ɗari biyu,
na san tsayinsa, na san inda ya dosa,
watakila ana raba musu shayi.
Amma mutum, a bakin ƙofarmu,
da na ci abinci da shi ɗazu,
babu ɗigon da ya ce ga shi.

Ujarak maharbi ne ya kwana wurinmu, guguwa ta tare shi.
Bai yi magana ba. Ya kwance tsohuwar karyarsa,
mai kunne ɗaya,
ya shinshina mata safar Jeppe,
ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga farin.
Minti ashirin.
Asger yana ta goge tukunya ɗaya, tana nan fes.

Suka dawo su uku.

Yatsu biyu sanyi ya karɓa a matsayin kuɗin hanya.
Jeppe ya dubi hannun, ya dubi jitarsa a kan gado,
ya yi dariya irin wadda ba a taya mutum.
Kyaftin ya rubuta a rahoto: na'urori lafiya lau.
Karyar ta samu naman gwangwani biyu,
ta cinye, ta koma ta kwanta cikin ƙanƙara,
wutsiya a kan hanci.

Yanzu ƙarfe uku, ban san na wane gefe ba.
Koren haske na kaɗawa a sama kamar labulen da aka bari a buɗe.
Kunnen ƙarfe na juyawa.
Na taɓa aljihu, haƙorin na nan.
Saura kwana hamsin da ɗaya.
In na fita karɓar aiki gobe
zan riƙe igiyar da hannu biyu.