Kwantan Tuffa a Aboabo

Tuffa bakwai suka yi mini kwantai yau.
Tun hantsi nake ratsa motoci a mahaɗar Anloga,
faranti a ka, canji a ƙugu,
ina bin tagogi da gudu kamar mai bin bashi.
Kowa ya ɗauka, ya juya, ya ga tabo,
sai ya miƙo mini abata.
Ɗaya ta faɗi a kwalta da danja ta saki motoci,
biyu rana ce ta dafa musu kunci,
sauran tsufa ne kawai, irin na kowa.

Mai kwali a Kejetiya ba ta karɓar labari.
Ta ƙirga nata, ta bar ni da nawa.

Na kunna risho a bakin ƙofa bayan magariba.
Na fere su, na ƙwaƙule wurin ciwon,
na yanka sirara kamar jinjirin wata.
Abin da ya rage bai cika kwanon sha ba.
Man shanu cokali guda, na ƙarshen kwalba,
ya narke, ya yi kumfa, ya yi shiru.
Na zuba.
Kasko ya ja tsaki.

Sukari cikin tafi.
Kirfa, na daka ta da gindin kofi.
Kanumfari uku, na huɗun ya gangara kwata.
Citta kuwa aro ce daga Anti Fokuwa
mai suyar ayaba da yaji a bakin layi,
ta leƙo ta kan katanga tana riƙe da matsami:
"Lantana, tuffa kike soyawa?
Kuɗi ne suka yi miki yawa, ko zazzaɓi?"
Na ce ta jira.
Gishiri kaɗan, don zaƙi ya san yana da na gaba.
Lemun tsami rabi.

Wuta ƙasa-ƙasa. Ba a yawan juyawa,
in an matsa mata sai ta zama fate.
Na tsaya ina kallo
farin yana komawa ruwan zuma,
ruwan yana kauri, yana kama bayan cokali,
ƙamshin ya bi lungu, ya wuce famfo,
har yaran da ke buga ƙwallon roba suka rage ihu.

A ɗaki akwai Kaka Mijinyawa.
Shekara arba'in yana ɗora huhun goro a mota,
ya ci fari, ya ci ja, ya ci daushe,
goron ma ya ci rabonsa.
Haƙora biyu suka rage masa,
ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kuma ba sa gaisawa.
Shekarata uku ina tallar tuffa,
kullum sai ya ɗauki guda, ya shinshina, ya ajiye,
ya ce, "Wannan ta masu haƙori ce.
Ni na riga na rufe shago."

Na kai masa da ɗumi a ƙaramin faranti.
Ya taɓa da yatsa, ta lotsa.
Ya yi bisimilla, ya ɗora a harshe,
ya rufe baki, ya rufe ido.
Dasashi ya yi aikin da aka daɗe ba a ba shi ba.
Rediyonsa na ta surutu a kan tabarma,
ya laluba ya kashe.

Bai ce da daɗi ba. Ba halinsa ba ne.
Ya suɗe yatsa, ya bi farantin da shi har gefe,
ya tsinci kanumfari ya ajiye a kunci.
Can ya ce, "Ashe haka take a ciki."

Anti Fokuwa ta sami yanka biyu,
ta ce yaji bai ji ba, ta miƙo hannu a ƙara.
Ni na kankare ƙanzon sukari a tsaye.

Ina wanke kasko ya kira ni daga ɗaki:
"Gobe ma za a yi kwantai?"

Na yi lissafin sidi goma sha huɗu da suka tafi,
da kuɗin ɗaki, da kalanzir.
Ga asuba tana zuwa, zan ɗaga hannu,
ban san me zan roƙa ba.