Taƙin da Rana Ba Ta Lasa Ba

Shekara goma sha ɗaya tana miƙewa da hantsi,
tana naɗewa bayan lisha,
rumfar da Baba Nomau ya kafa a ƙofar kanti,
nan Sabon Gari, dab da masu walda.
Ka kama mariƙi ka murɗa,
hannuwan ƙarfe su buɗe kamar raƙumi zai tashi,
inuwa ta zubo kan buhunan irin gero da wake.

Bana ruwan Agusta ya yi mata tambaya,
ba ta da amsa.
Ya taru a tsakiya kamar cikin akuya,
ya ɓarke, ya jiƙa mini buhu biyu na taki.
Na ɗinke da zaren buhu, ta sake yagewa.
Na liƙa roba, rana ta ɗaye ta kafin azahar.

Sai na kira Zabairu, mai ɗinka tampol na manyan motoci.
Ya zo da tsani, igiyar awo a wuya,
ya ce jika talatin da biyar, har da aiki.
Na ce ashe inuwa ma ta yi tsada a Maradi.
Ya ce tsaya a rana ka ji nata farashin.

Ƙusoshi huɗu sun fito da daɗin rai,
ta biyar sai da ta sha baƙin mai da baƙar magana.
Gidan zanzaro ya faɗo, ƙasa ta cika mini ido,
tsaka ta gudu ta bar mana wutsiya.
Zabairu yana zare zanen daga tsagar bututu,
ni ina riƙe da ɗaya bakin,
yana fita yana kuka kamar tsohuwar ƙofar rumbu.

A nan na gani.
Taƙi ɗaya na ƙarshe, wanda kullum ke naɗe a ciki,
wanda rana ba ta taɓa lasa ba:
kore shar, kamar gonar gyaɗa a bakin Gulbi.
Ni da na manta, na ɗauka tun asali ruwan toka ne.
A gefensa, da shuɗin bik, hannun Baba,
ajami mai karkata kamar gero a iska:
ranar da aka ɗaura, abin da ya bayar,
saura jika biyu na maƙeri.
Ƙasa da shi ya ja layi, ya sa: an biya.

Zabairu ya ce saki mana, hannuna ya gaji.
Sai da ya faɗa sau biyu.

Sabon shuɗi ne mai ratsin fari, ta Jibiya ya shigo.
Muka zura igiya a kalmasa, muka sa baki a tsaga,
yana ja, ina lallashi.
Ya karkace, muka koma baya.
Ya sake karkacewa, la'asar ta same mu a kai.
Da na murɗa, ya miƙe sumul,
ba tattara, ba ciki,
sai warin sabuwar roba.

Tsoho Barmo, mai zama nan tun zamanin Baba,
ya ja bencinsa, ya dubi tafin hannunsa ya koma shuɗi,
ya ce inuwar nan ba ta san ni ba tukuna.
Amma bai tashi ba.

Tsohon zane, Cima ta karɓa, za ta rufa wa kajinta.
Kafin ta ɗauka na ari almakashin Zabairu,
na yanke taƙin nan.
Yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin littafin bashi.

Da dare, kafin in naɗe,
na hau benci da fitilar waya a baki,
na laluba can ƙarshe, inda rana ba za ta kai ba,
na rubuta rana da wata, na rubuta talatin,
saura biyar na Zabairu.
Ban ja layi ba.
Sai an sayar da wake.