Gida na Talatin da Bakwai

An ba ni tef da littafi da takalmin roba,
aka ce: tafi gefen Owabi,
ƙirga abin da ya shigo, ƙirga abin da ya fita.
Na bar Aboabo kafin ladan ya sauke murya,
mota ta ajiye ni inda kwalta ta gaji.

Opoku mai gadin daji ya riga ni.
Ya nuna mini dutsen iyaka, mai lamba a goshi.
An ɗaura masa igiyar shanya,
wandon yaro yana ɗiga a kansa.

Muka fara da na ƙasa.
Sawun gada biyu a bakin rafi, ɗaya ƙarami.
Kashin mazo, busasshe, ya kwana uku ko fiye.
Ɗankunya kuwa, Opoku ya ce rabonsa da shi
tun shekarar da aka ja wayar lantarki.
Na rubuta sifili,
na daɗe ina kallon ramin da ke tsakiyarsa.

Akwai itacen da mutanen nan ke kira wawa.
Na yi dariya ran da na fara ji.
Yau na tarar da kututturensa, faɗin tabarma biyu,
an jera bulo a kai yana shan rana,
birai uku a reshen maƙwabcinsa
suna kallonmu kamar masu jiran rabon gado.
Dariyar ba ta zo ba.

Sai muka koma ga na sama.
Rufin kwano, tankin ruwa,
ramin masai mai gangara zuwa rafi,
rafin da ke cika dam, dam ɗin da ke cika butar alwalata.
Kare a kowace ƙofa.
Fitilar da ba ta barci, har jemagu sun sauya hanya.
Goma. Ashirin. Talatin da shida.

Na talatin da bakwai ba shi da ƙyaure tukuna,
buhun siminti aka rataya a madadinsa.
Na yi sallama don al'ada.
Muryar da ta amsa ita ce ta yaye ni.

Inna Fuseina.
Shekara ashirin da takwas tana dama koko a bakin kwata,
tana kwana a ɗakin hayar da ruwa ke shiga duk damina,
ya ɗaga tabarma, ya tafi da takalmi ƙafa ɗaya.
Sidi kan sidi a gwangwanin madara, adashi kan adashi,
har ta kai kuɗin goro gaban mai ƙasa,
aka buga mata turaku huɗu, aka ce: nan naki ne.
Ba wanda ya ce mata wani ya riga ta.

Ta ce: Mutawakilu, ashe ka ji labari?
So na yi sai na sa ƙyaure in kira ku.
Ta ga tef a hannuna, ta ɗauka taimako na zo,
ta riƙe mini bakinsa da kanta.
Na ja daga bangonta zuwa dutsen iyaka.
Taku goma sha tara, ta ciki.
Na sake ja. Tef ba shi da inna.

Takardar tana da layin lambar gida,
layin nisa, layin ɓarna: kaɗan, matsakaiciya, babba.
Ba ta da layin damina ashirin da takwas.
Ba ta da layin ƙaramin sawun nan na bakin rafi
wanda ban sani ba ko zan same shi baɗi.
Opoku ya juya baya, yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.
Na rubuta goma sha tara.

Ta zuba mana koko, da zafinsa.
Sai ta ce: zo ka ga abin mamaki.
A daɓen ɗakin, inda siminti ya kwana ɗanye,
kofato biyu sun shiga, sun yi kwana, sun fita.
Birkila ya ce zai shafe, ta hana.
Ta ce: baƙona na farko ke nan,
ya zo da dare, bai tarar da kowa ba.

Na durƙusa na auna shi,
shi ma na sa shi a littafi.