Riƙo da Saki

Motar Ladan ta iso garejinmu a ɗaure,
a-kori-kura na janta tun daga shataletalen Jega,
buhun albasa biyu a kujerar baya
suna ba mu labarin Aliero kafin ya buɗe baki.

Ya ce, "Nomau, a kan kwalta ingarma ce.
Daga Birnin Kebbi har nan ko tari ba ta yi.
Amma in taka birki in tsaya,
sai makyarkyata ta kama ta kamar mai masassara,
ta yi shaƙuwa biyu, ta mutu."

An canza fulogi a Kalgo.
An canza famfon mai a Maiyama.
Wani ya wanke nozul, ya karɓi dubu goma sha biyu,
wani ya ce baki ne, a yi sadaka.

Na murɗa makulli, ta tashi,
inji na numfashi kamar jaririn da ya ƙoshi.
Na ja giya.
Ɗif.
Na sake. Ɗif.
Na ce, "A kwance kan injin nan."

Sahabi, shekara tara yana miƙo mini sifana,
bai motsa ba.
Ya zaro gejin man giya, ya goga a farin ƙyalle,
ya kai hanci.
"Maigida, ja ya kamata ya zama.
Dubi, shayi ne ba madara,
ga ƙauri kamar ƙanzon tukunya."

Ban tanka ba.
Ya ɗauko na'urar nan da ya saya da kuɗin adashi,
wadda nake kira wayar malalata,
ya soka ƙarƙashin sitiyari, lambobi suka fito.

Ya ce, "Inji ba shi da laifi.
Cikin kwambata akwai wani kuloci.
In gudu ya miƙe, sai ya damƙe,
inji da giya su zama abu guda, a rage shan mai.
In an zo tsayawa, aikinsa ya saki.
To wannan ya damƙe bai saki ba."

Muka bi abin a hankali, kamar mai bin sawun akuya.
Muka zare soket ɗin salanoyid:
in umarnin waya ne, za ta sarara.
Ba ta sarara ba.
Ashe ciwon na ciki ne.
Muka sauke kasko,
maganaɗisu ya yi gemu da garin ƙarfe,
filta ta toshe,
can cikin lunguna wani ɗan bawul
da bai kai ƙaramin yatsana ba
ya cije a raminsa, dauɗa ta yi masa ɗamara.

Shi ya wanke. Shi ya ɗaura sabon salanoyid
da direban Sakkwato ya kawo da la'asar.
Shi ya zuba mai, ja kamar zoɓo.
Muka ɗauki hanyar Koko har ta yi zafi,
ya taka birki gaban mai rake.
Allura ta sauko, ta sauko,
ta tsaya. Inji na numfashi.

Ladan ya ƙirga kuɗi a tafina,
ya ce, "Tsohon hannu, ba ka da na biyu."
Ban gyara masa ba.

Da dare barci ya ƙi.
Sa'o'in Sahabi duk sun kafa rumfunansu.
Sau huɗu mahaifinsa na hawo babur daga ƙauye
yana tambayar ranar yaye,
sau huɗu ina cewa sai baɗi,
wai hannunsa bai nuna ba.

Da safe, kafin mai koko ta sauke tukunya,
na shimfiɗa buhu, na jera:
goma, sha huɗu, sha bakwai, filaya, guduma.
Sai sha biyu,
wadda nawa maigidan ya ba ni a Gusau,
bakinta ya cinye, gindinta ya yi santsi.
Na miƙa masa.
Ya kama ɗaya gefen, ya ɗan ja.

Sai da ya ce, "Maigida, lafiya?"
sannan yatsuna suka buɗe.